Faidu, Zangon Rabin Hanya

  



Kusan duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami da littafi a hannu ya san sunan Waki'u ɗan Jarrahu, ko da kuwa ta dalilin baitocin nan ne da ake jingina wa Imamu Shafi'i a kan raunin hadda. Ni ma ta nan na fara jin sunansa. Daga baya da na shiga karanta tarihinsa, sai na riƙa cin karo da bayani guda wanda marubuta suke rufe labarinsa da shi, cewa ya rasu a Faidu, cikin watan Muharram na shekara ta 197 bayan Hijira (812 Miladiyya), yana kan hanyarsa ta komawa Kufa daga aikin Hajji. Na wuce wannan wuri sau da yawa ban tsaya ba, kamar dai yadda muka saba wuce sunayen garuruwa a littattafan magabata, su Naisabur da Marwa da Wasiɗ, ba tare da mun tambayi inda suke ba. Ranar da na tsaya na bi diddigin sunan, sai na tarar ashe Faidu zango ne, kuma zangon da ya fi kowane muhimmanci a kan babbar hanyar mahajjatan Iraƙi. Tun daga ranar garin bai fita raina ba, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarinsa.

Bari mu fara da hanyar kanta. Daga Kufa zuwa Makka tafiya ce ta kimanin kilomita 1,400, mafi yawanta cikin hamadar Najadu, wani wuri tsakuwa, wani wuri baƙin dutse, wani wuri rairayin da ƙafar raƙumi ke nutsewa a ciki. Larabawa sun san ta tun kafin Musulunci, amma ba ta zama babbar hanya ba sai da Abbasiyawa suka karɓi mulki, cibiyar daula ta koma Iraƙi. A shekara ta 134 (751) halifansu na farko, Saffahu, ya ba da umarni a kakkafa duwatsun awon tafiya, a kuma gina hasumiyoyin da ake kunna wuta a kansu domin masu tafiyar dare. Mansur ya ɗora a kai. A shekara ta 161 (778) Mahdi ya sa a faɗaɗa masaukai, a gina tafkuna a kowace mashaya, a haƙa rijiyoyi, ya damƙa aikin a hannun wani jami'insa mai suna Yaƙɗinu ɗan Musa, wanda ya yi shekara 10 yana kansa. Sannan Zubaida 'yar Ja'afar, jikar Mansur kuma matar Harunar Rashid, ta zuba dukiyarta wajen ƙara tafkuna da rijiyoyi da masaukai, har sunanta ya rinjayi na kowa, ake ce wa hanyar Darbu Zubaida har yau. Ta rasu a Bagadaza a shekara ta 216 (831). Ba na yi mata hassadar sunan, ta cancanta, amma yana da kyau mu sani cewa ba ita ta fara ba, kuma ba ita kaɗai ta yi ba.

Masu binciken hanyar sun ƙidaya manyan zanguna 27 a kanta, da wasu ƙanana 27 a tsakankaninsu inda ayari yake ɗan tsayawa a ci abincin dare. In ka raba tsawon hanyar da adadin manyan zangunan za ka sami kimanin kilomita 50 tsakanin wannan da wancan, wato tafiyar yini guda ga ayarin raƙuma. Tafkunan ba kududdufai ba ne. Gina su aka yi da dutse aka yi musu yaɓe, wasu zagayayyu wasu masu kusurwa huɗu, da matakalar sauka, da yawansu kuma da ɗan ƙaramin tafki a gaba inda ruwan sama yake fara tsayawa laka ta kwanta kafin ya gangara cikin babban. Sunayen zangunan nan za ku ci karo da su a littattafan hadisi da na tarihi: Ƙadisiyya, Waƙisa, Zubala, Sa'alabiyya, Samira, Rabaza inda Abu Zarrin Gifari (RA) ya rasu, sai Zatu Irƙin, miƙatin mutanen Iraƙi.

A tsakiyar wannan jeri Faidu take. Tana ƙasar Saudiyya ta yau, kilomita 100 da wani abu kudu maso gabas da birnin Ha'il, kusa da dutsen Salma, ɗaya daga duwatsun nan biyu na ƙabilar Ɗayyi. Tsohon wuri ne. Masu Sira sun ruwaito cewa lokacin da tawagar Ɗayyi ta zo Madina a shekara ta 9, Manzon Allah (SAW) ya sauya wa shugabansu Zaidul Haili suna zuwa Zaidul Hairi, ya kuma yanka masa Faidu da wasu filaye tare da ita. A zamanin Abbasiyawa ta zama mazaunin jami'in da ke kula da hanya, da ganuwa da kagara da rijiyoyi da kasuwa. Sai dai abin da ya ba ta daraja a wurin matafiyi shi ne kasancewarta rabin hanya, kuma a kan wannan ne wata al'ada ta ginu wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk labarin.

Ga lissafin da mahajjaci yake yi. Ya baro Kufa da raƙuminsa ɗauke da guzurin zuwa da na dawowa, irin abincin da ba ya saurin lalacewa, gari da busasshiyar gurasa da dabino. Bayan kwana 12 ya iso Faidu. To abincin da zai ci a kwanaki 12 na ƙarshen dawowarsa, me zai sa ya ɗora wa dabbarsa wahalar kai shi Makka ta kuma dawo da shi? Kowane buhu da ya rage mata ƙarfi ne ya adana mata, kuma wuri ne ya samu na ƙarin salkar ruwa. Sai ya sauke wannan kaso a Faidu, da duk wani kaya mai nauyi da ba ya buƙata a Harami, ya ba wani mutumin garin ajiya, ya wuce. Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a shekara ta 626 (1229), ya ambaci wannan al'ada a littafinsa na sunayen garuruwa, Mu'ujamul Buldan. Ya bayyana cewa idan mahajjata suka dawo sukan karɓi kayansu, su ɗebi wani abu daga ciki su ba mai ajiyar kyauta, kuma ya siffanta mutanen garin da cewa agaji ne ga alhazai a irin wannan wuri da ya yanke daga ko'ina.

Ka tsaya ka auna nauyin wannan amana, ya ɗan'uwa. Bisa lissafina, daga ranar da ayari ya wuce Faidu a watan Zulƙida zuwa ranar da zai dawo a tsakiyar Muharram, kusan wata biyu ne. Abin da aka bari kuwa abinci ne, a garin da ke tsakiyar hamada, a hannun mutanen da su ma suna da ciki da 'ya'ya. Mai kayan ya yi nisan kwana da kwanaki, ba waya ba saƙo, kuma kowa ya san a cikin masu wucewa akwai waɗanda ba za su dawo ba. Shi kuma mai kayan ransa ne ya bari a ɗakin wani, domin idan ya dawo ya tarar babu, to gabansa akwai kwana 12 na hamada da hannu wofi. Mun karanta babin wadi'a a Risala, mun haddace cewa mai ajiya ba ya biya sai in ya yi ta'addi ko sakaci, muka amsa tambayar jarrabawa muka wuce. Mutanen Faidu a kan wannan babi suke rayuwa. Da a ce sun shahara da cin ajiya, da shekara guda ta isa labari ya kai Kufa da Bagadaza da Hurasan, al'adar ta mutu. Amma sai ga Ibn Jubair ya gan ta a ƙarni na 6 na Hijira, ga Yaƙutu ya rubuta ta a na 7, ga ta kuma a littafin tafiyar Ibn Baɗuɗa a na 8.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Fatakenmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san zango da sarkin zango, sun san fatoma, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Ba da takarda ake riƙe irin wannan hulɗa ba, da sanayya ake riƙe ta, uba ya gadar wa ɗansa mai masaukinsa. Haka Ibn Jubair ya ce game da Faidu, cewa mahajjata suna da waɗanda suka sani a garin, wurinsu suke barin guzurinsu.

Akwai kuma sana'a ta biyu da Yaƙutu ya ambata, wadda sau da yawa mai karatu yake tsallakewa. Ya ce abin da mutanen garin suke rayuwa da shi shi ne tara abincin dabbobi tsawon shekara, su ajiye har ayari ya iso su sayar. Wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda ake ɗaure harawa da kaka, a ɗora kan rufin ɗaki ko reshen bishiya ana jiran bazara, zai gane wannan nan take. Bambancin shi ne kasuwarsu sau biyu take ci a shekara, ranar wucewar ayari da ranar dawowarsa. Wata goma sha ɗaya mutum yana yawo a daji yana yankan ciyawa saboda 'yan kwanakin nan. Ba sadaka suke yi ba, ciniki ne, kuma ban ga aibin hakan ba. Tafkin Zubaida yana shayar da raƙumi, amma ba ya ciyar da shi, kuma dubban raƙuma in suka sauka wuri guda, ɗan abin da ke ƙasa ba ya kai su ko'ina. An san sunan wadda ta gina tafki, masu yankan ciyawar kuwa ko mutum ɗaya ba a rubuta sunansa ba, alhali hanyar ba ta biyuwa sai da su duka.

Wanda ya fi kowa nuna mana yadda ranar sauka take shi ne Ibn Jubair, marubucin nan na Andalus. Ya baro Garnaɗa a shekarar 1183, ya bi ta Masar ya ƙetare Bahar Maliya ya yi Hajji, sannan ya biyo ayarin Iraƙi a dawowa. Saboda haka shi ba shi da ajiya a Faidu, ɗan kallo ne, wataƙila ma shi ya sa ya ga abin da 'yan hanya suka daina gani. Sun baro Madina ranar 8 ga Muharram na shekara ta 580, suka iso Faidu ranar wata Lahadi a ƙarshen Afrilun 1184. Ayarin ya kai girman da, a faɗarsa, in mutum ya fita biyan buƙata bai sa wa masaukinsa alama ba, yana iya ɓacewa cikin jama'a. Da dare ana tafiya da fitilu a gaban raƙuma, tashi kuwa da bugun tambari ake yi.

Abin da ya fara lura da shi shi ne yadda Amirul Hajji, wato madugun ayarin, yake shiga garin. Cikin damarar yaƙi yake shiga, dakaru a jere, domin Larabawan daji da suka taru a wurin su gani su cire kwaɗayi. Waɗannan mutane su ne masu sayar wa alhazai abinci, kuma a cikinsu ne ake jin tsoron masu fashi. Da aka sauke kaya sai kasuwa ta buɗe. Mutanen da suka yi kwanaki suna fama da busasshen guzuri suka auka wa tumakin Larabawa da ciniki, har ya zamana babu wata laima ko rumfa a sansanin da ba ka ganin rago ɗaya ko biyu a ɗaure a gefenta, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ibn Jubair ya kamanta ranar da ranar Idi. Masu raƙuma suka sayi sababbi a madadin waɗanda hanya ta cinye, aka sayi mai da madara, aka cika salkuna, domin a shekarar ruwa ya wadata a rijiyoyi da tafki. Masu ajiya suka je suka karɓi ajiyarsu. Aka wuni aka kwana ana hutawa, zuwa azahar ɗin Litinin aka buga tambari aka ɗaura kaya. Kwana ɗaya da rabi ke nan. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Ibn Baɗuɗa ya bi ta wurin tare da ayarin Iraƙi a ƙarshen shekarar 1326, kuma bayaninsa ya yi kama da na Ibn Jubair ƙwarai, kamar da ba ta rasa nasaba da abin da masana suka daɗe da ganowa, cewa an ɗebo sassa da dama na littafinsa daga na magabacinsa. Don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Na tuna shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali. Motarmu ta tsaya a wani wurin hutawa tsakanin Madina da Makka, direba ya ce zai ɗan runtsa. Ba a yi rabin sa'a ba muka fara gunaguni, ni ma da bakina a ciki, wai ana ɓata mana lokaci, ga mu cikin sanyin na'ura da ruwan gora a hannu. A ganinmu tsayawa ragi ce daga tafiya. Mutanen da suka san hanya da ƙafafunsu sun ɗauke ta wani ɓangare na tafiyar, suna shirya mata tun daga gida. Addini ma bai bar mu da wani zato ba. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka kuma su shiga roƙon mutane, sai aka saukar da umarnin yin guzuri da ke aya ta 197 a Suratul Baƙara. Wanda ya bar buhunsa a Faidu ya ɗauki wannan umarni har zuwa ƙarshensa, ya yi wa dawowa tanadi tun bai isa ba.

Amma ba kowa ne yake tashi in an buga tambari ba. Zango wurin da jiki yake karɓar bashinsa ne, mutum ya daure ya daure a kan hanya, sai ya sauka ciwo ya kayar da shi. Haka ta faru da Waki'u. Malamin Kufa ne, wanda ya gaji majalisin Sufyanus Sauri, wanda Ahmad ɗan Hambali da Yahaya ɗan Ma'inu suka yi karatu a gabansa, wanda Harunar Rashid ya yi wa tayin alƙalanci ya ƙi. Ya yi Hajjin shekara ta 196 yana da kusan shekara 68, ya kamo hanyar gida, ya iso rabi, Allah Ya karɓi abinSa. An ruwaito daga ɗansa Malihu cewa da ajali ya matso, mahaifin nasa ya fito da hannayensa biyu ya nuna masa, ya shaida masa cewa bai taɓa dukan wani abu da su ba. A nan aka binne shi, ayari ya wuce Kufa da labari. A daidai wannan lokaci kuma rundunar Ma'amun tana kewaye da Bagadaza, Aminu ɗan Zubaida yana ciki a tsare. Daula tana yaƙi da kanta, amma hanyar tana aiki, tafkuna na nan, masu ciyawa na nan.

Shekara ɗari bayan haka aka wayi gari hanyar kanta ce abin hari. Ƙaramiɗa, wata ƙungiya ta Baɗiniyya mai ɗauke da makami, sun gane cewa ayarin da ke dawowa daga Hajji ganima ce mai tafiya da ƙafarta, kuma sun gane cewa rayuwarsa a kan zanguna take. A farkon shekara ta 294 (906) jagoransu Zikrawaihi ya tare ayarin da ke komawa Iraƙi. Bai tsaya ga takobi ba, sai da ya sa aka cika rijiyoyi da tafkunan wasu zanguna da mushen dabbobi da ƙasa da duwatsu. Masu tarihi sun kai adadin waɗanda aka kashe zuwa 20,000. Ya zo ya kewaye Faidu, jami'in da ke garin ya shige kagara da mutane kimanin 100, suka ƙi miƙa wuya, ya gaji ya tafi. Ba a daɗe ba rundunar halifa ta ci masa, ya mutu a shekarar. Darasin da mutane suka ɗauka daga wannan shi ne ganuwar Faidu tana tsare wanda ya fake a cikinta. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya.

Sauran rabin ya bayyana a Muharram na shekara ta 312 (924). Abu Ɗahir Aljannabi, shugaban Ƙaramiɗan Hajar a gabashin Jazirar Larabawa, yaro ɗan shekara 17, ya fito ya yi kwanton ɓauna a Habir, wani yankin rairayi da ke kan hanya tsakanin Faidu da Kufa. Ya auka wa rukunin farko na ayarin ya washe su. Labari ya iske sauran mahajjata suna Faidu. Wanda ke da alhakin tsaron hanyar a lokacin shi ne Abul Haija'i Abdullahi ɗan Hamdan, mahaifin Saifud Daula wanda ya shahara daga baya, jarumi ne kuma ya san daji. Kamar yadda Ibnul Asir ya kawo, shawarar da ya ba su ita ce kada su zauna a Faidu, su juya su koma Wadil Ƙura, can yamma, arewa da Madina a kan hanyar Sham. Suka ga hanyar ta yi musu tsawo, suka ƙi. Gaba kuma ba ta shiguwa. Sai suka zauna.

Suka yi ta zama har guzurinsu ya ƙare. Da yunwa ta taso su, suka ɗaura kaya cikin gaggawa suka kama hanyar Kufa, hanyar da suka ƙi bi lokacin da suke da abinci da ƙarfi. Abu Ɗahir yana nan bai gusa ba. Ya auka musu, ya kama Abul Haija'i da wasu manya, ya kwashe raƙuma duka da abin da ya zaɓa na dukiya da mata da yara, ya koma Hajar. Sauran jama'a ya bar su a tsaye cikin rairayi ba abin hawa ba ruwa, mafi yawansu yunwa da ƙishirwa da zafin rana suka kashe su. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Abu ne mai sauƙi mu da muke zaune a inuwa mu ce ai hanyar lafiya a bi ta da shekara, me ya hana su jin maganar wanda ya sani? Amma ka sa kanka a matsayinsu. Wata uku rabonka da iyalinka, kuɗinka ya ƙare a Makka, raƙuminka ya rame, gida saura kwana 12, sai a ce ka juya baya ka ƙara makonni ta ƙasar da ba ka da ajiya a cikinta kuma ba ka san kowa ba. Ga ganuwa a gabanka wadda ka ji labarin ta taɓa tsare mutane, ga rijiya, ga buhunka da ka karɓa jiya. Ga kuma fatan cewa halifa zai aiko da runduna, ko yaron nan ya gaji ya tafi. Ina jin da ina cikinsu da na zauna, kuma wannan ne yake ba ni tsoro.

Kuskuren yana cikin lissafin da muka yi ɗazu. Buhun da mutum ya bari a Faidu awon kwana 12 na tafiya ne, ba ƙari. Duk yinin da ya yi a zaune, yini guda ya ci daga hanyarsa, zangon da ya kamata ya ci a Sa'alabiyya ko Zubala ya cinye shi a gindin ganuwa. Garin kuma abin da ya tara a shekara, na mutane da na dabbobi, ya tara shi ne domin ayarin da zai yi kwana ɗaya da rabi ya wuce, kamar yadda Ibn Jubair ya gani. Ba a gina Faidu domin ta riƙe dubban mutane mako da makonni ba. Shawarar Abul Haija'i tana da ɗaci, amma a ranar da ya ba da ita akwai abincin da za a aiwatar da ita. Bayan wasu kwanaki ko sun so bin ta, babu guzurin da zai kai su.

Da labari ya isa Bagadaza, matan waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama suka fito titi suna kururuwa suna zagin wazirin Halifa Muƙtadir, Ibnul Furat, kuma wannan na cikin abin da ya kayar da shi, aka kashe shi a shekarar. An sako Abul Haija'i daga baya. A cikin waɗanda aka kama akwai wani matashin malami daga Harat, Abu Mansur Al'azhari, wanda ya faɗa hannun wasu Larabawan daji ya zauna cikinsu tsawon lokaci yana yawon kiwo da su, yana sauraron harshensu. Shi ne daga baya ya wallafa ƙamusun nan Tahzibul Luga, kuma shi da kansa ya ba da labarin kamun nasa a gabatarwar littafin. Abu Ɗahir kuwa bai tsaya nan ba. A Hajjin shekara ta 317 (930) ya shiga Makka ya kashe alhazai a cikin Harami, ya ciro Hajarul Aswad ya tafi da shi, ba a mayar da shi ba sai a shekara ta 339 (951). An yi shekaru ayarin Iraƙi bai fita ba, da ya dawo fita a shekara ta 327 (939) kuma sai da aka amince a riƙa biyan Ƙaramiɗa kuɗin wucewa.

Wasu zangunan ba su sake tashi ba. Rabaza ta zama kango tun a wannan zamani. Faidu ta rayu, shaida kuwa ita ce ranar Idin nan da Ibn Jubair ya gani bayan shekara 260. Abin da takobi bai yi mata ba, sauyin hanya ne ya yi mata a hankali. Bagadaza ta faɗi hannun Tattar a shekara ta 656 (1258), manyan ayarori suka zama na Masar da Sham, kula da tafkuna ya ja baya. A ƙarni na 19, lokacin da gidan Rashid suke mulkin yankin, ayarin mahajjatan Iraƙi da Farisa ta Ha'il yake bi, can kasuwa ta koma. Baturiyar Ingila Anne Blunt, wadda ta bi ayarin Farisawa zuwa Najaf a shekarar 1879, daga Ha'il ta tashi, ta kuma ga tafkunan Zubaida a hanya. Daga baya mota da jirgin sama suka zo suka rufe babin.

A shekarar 2015 Saudiyya ta sa Darbu Zubaida cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Faidu tana nan, ƙaramin gari, a gefensa kuma kangon tsohon birni: ragowar kagarar da ake kira Ƙasru Harash wadda aka gina da baƙin dutse, da tushen ganuwa, da rijiyoyi, da tafkuna. A cikin abin da masu haƙa suka tono har da tanderu da yawa a wuri guda, inda ake gasa gurasa.

Allah Ya jiƙan Waki'u, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Habir.